Shin da gaske ne ana gyara zuciyar jariri ta jijiya ba tare da an tsaga ƙirji ba?

Kawun_Jariri: Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ina neman haske daga waɗanda Allah ya ba sani a kan wani al'amari da ya hana gidanmu barci a nan unguwar Birni ta Damagaram. Ƙanwata ta haifi ɗa namiji, yau kwanansa 10 a duniya, kuma tun kafin ranar suna muka lura cewa idan ya kama nono ba ya jimawa sai ya saki yana haki, goshinsa ya jiƙe da gumi, idan kuma ya tsananta kuka sai harshensa da dasashinsa su yi duhu. Likitan yara ya saurari ƙirjinsa ya ce yana jin wani sauti da bai kamata ba, ya tura mu aka yi masa eko, wato hoton zuciya na na'ura, sakamakon ya nuna cewa ƙyauren da jini yake bi daga zuciya zuwa huhu ya matse ƙwarai tun daga halitta. Abin da ya ɗaure mana kai shi ne cewar da likitan ya yi ana iya gyara irin wannan ba tare da an tsaga ƙirji ba, wai ana zura wani siririn bututu ta jijiyar gindin cinya har ya kai zuciya, a hura ƴar balan-balan a buɗe wurin. Innarmu ta ce a bari a gama wankan jego, yaro ya yi arba'in ya yi ƙwari tukuna. Mijin ƙanwar tawa kuwa bai yarda akwai aikin zuciya da babu wuƙa a cikinsa ba. Shin da gaske ne ana yi wa ɗanyen jariri haka, kuma jira har arba'in zai cutar da shi?

Hajiya_Zango: Wa alaikumus salam. Allah ya raya shi, ya ba shi lafiya, ya ba mai jego haƙuri. Ka gaya wa surukinka ya kwantar da hankalinsa, domin maigidana an yi masa irin wannan aiki shekaru huɗu da suka wuce a ƙasar waje, ta wuyan hannu aka shiga aka sa masa ƴar ragar ƙarfe a jijiyar zuciya, kuma washegari da ƙafarsa ya fito.

Likitan_Yara: Hajiya, hanyar shigar iri ɗaya ce, amma cutar Alhaji daban take da ta wannan yaro. Shi Alhaji jijiyar da ke ciyar da tsokar zuciyarsa ce kitse ya cushe da shekaru, jariri kuwa ginin zuciyar ne ya zo da tangarɗa, abin da ake samu a jarirai kusan 8 zuwa 9 cikin kowane 1000 da aka haifa. Mafi yawansu masu sauƙi ne, amma kimanin kashi ɗaya cikin huɗu suna buƙatar a taɓa su tun a shekarar farko.

Kawun yaro, amsar tambayarka ta farko ita ce e, ana yi. Ɗakin zuciya na ƙasa na ɓangaren dama shi ke tura jini zuwa huhu ya ɗebo iska, kuma a bakinsa akwai ƙyaure mai ganye uku. Idan ganyayen nan suka manne da juna sai ƙofar ta koma ƴar kafa, ɗakin ya yi ta fama har tsokarsa ta yi kauri, jinin da ya rasa hanya kuma ya ratsa ta wata ƴar taga da ke tsakanin ɗakunan sama ya gauraya da jinin da ke zuwa jiki, wannan ne duhun da kuke gani a harshensa. A wajen aikin, ana sa yaro barci, a huda jijiyar gindin cinya da allura, a zura waya mai laushi, bututun ya bi wayar, likita yana kallon tafiyarsa a allo ta hasken radiyo, irin wanda ake ɗaukar hoton ƙashi da shi. Idan balan-balan ɗin ta daidaita a tsakiyar ƙyauren sai a hura ta da ruwa na ƴan daƙiƙu, ganyayen su rabu, a auna ƙarfin jinin a ga ya sauka, a janye komai a danne wurin hudar. A wannan ciwo na ƙyauren huhu, balan-balan ita ce zaɓin farko, fiɗa ce take biye da ita.

Tambaya ta biyu ita ce ta fi damuna. Matsewa mai sauƙi ana iya sa mata ido shekaru ba a taɓa yaro ba. Amma jaririn da harshensa ke yin duhu ba ya cikin wannan sahu, domin sau da yawa irinsu suna rayuwa ne da wata ƴar jijiya da muke kira kanal, wadda ke haɗa jijiyar huhu da babbar jijiyar jiki tun yana ciki, kuma halittarta ita ce ta rufe bayan haihuwa. Ranar da ta rufe, yaron da ake gani da dama-dama sai ya faɗi lokaci guda. Ban ga takardar ekon ba, saboda haka likitan da ya gani shi ne mai yanke magana, amma ku koma masa gobe da safe ku tambaye shi ƙarara ko yaron ya dogara da kanal.

Baban_Tagwaye: Likita, a yi mini afuwa, har yanzu hankalina bai ɗauka ba. Na ga yadda malaman asibiti suke shan wahala kafin su sami jijiyar jariri don ƙarin ruwa kawai, wani lokaci sai an koma fatar kai. Ta yaya za a ce wannan jijiya mai kama da zare za ta ɗauki bututu da waya da balan-balan har zuwa zuciya?

Ɗalibin_Likita: Baban Tagwaye, jijiyar bayan hannu da kake gani daban take da ta gindin cinya, wadda babbar hanya ce da ke miƙewa har ɗakin zuciya na dama. Ana auna kaurin bututun da wani ma'auni da ya samo asali daga Charrière, maƙerin kayan asibiti na birnin Paris, inda lamba 3 take daidai da milimita 1. Wanda aka fi sa wa jarirai lamba 4 ne ko 5, wato bai kai kaurin tsinken ashana ba, balan-balan ɗin kuma a naɗe take shiga, sai ta isa wurin aiki ake hura ta. A kwanakin farko na haihuwa ma akwai wata ƙofa da babba ba shi da ita, wato jijiyar cibiya.

Abin kuma ya daɗe fiye da yadda ake zato. A 1929 wani matashin likita a Jamus, Werner Forssmann, ya zura bututu ta jijiyar hannunsa har zuciyarsa ya ɗauki hoto, abin da ya sa ya shiga cikin mutum uku da aka ba lambar Nobel a 1956. A 1953 Seldinger na ƙasar Suwidin ya fito da dabarar allura da waya da Likita ya bayyana. Aikin farko da ya shahara a kan jarirai shi ne na William Rashkind a birnin Filadelfiya na Amurka a 1966, wanda yake zura balan-balan ta tagar da ke tsakanin ɗakunan sama, ya hura ta, ya fizgo ta da ƙarfi don ya yaga bangon. Buɗe ƙyauren huhu da balan-balan kuwa wata likita ce mai suna Jean Kan ta bayyana shi a 1982 a Baltimore. Ke nan aikin da ake yi wa wannan gida magana ya haura shekara 40, kuma a ganina nan gaba kaɗan bututu zai kori wuƙa daga aikin zuciyar yara baki ɗaya.

Likitan_Yara: Ƙanena, tarihin ka kawo shi daidai, amma jimlarka ta ƙarshe ta zarce. Aikin Rashkind da ka ambata ba ya warkar da kowa. Ana yin sa ne ga jaririn da manyan jijiyoyinsa biyu suka yi musayar wuri, ta yadda jini mai iska yake ta zagaya huhu, marar iska yake ta zagaya jiki, sai a yaga bangon don su gauraya yaro ya rayu har a yi masa fiɗar mayar da jijiyoyin mazauninsu, wadda Adib Jatene na Brazil ya fara yi cikin nasara a 1975, kuma an fi son a yi ta cikin makonni biyu zuwa uku na farko. Haka nan ƴar ragar ƙarfe da ake sa wa kanal don kada ya rufe, lokaci take saya. Akwai cutar da bututu yake gama ta, akwai wadda yake riƙe yaro kafin wuƙa, akwai kuma wadda ba shi da abin yi a cikinta. Idan muka gaya wa iyaye cewa wuƙa ta ƙare, ranar da aka ce musu sai fiɗa za su ɗauka an yaudare su.

Maman_Bakwaini: Ni kuma abin da ya ba ni mamaki a bayanin Likita shi ne maganar kanal, domin ni akasin haka na gani. Ƴata bakwaini ce, nauyinta bai kai kilo ɗaya da rabi ba da aka haife ta, kuma a mako na biyu aka ce mini kanal ɗinta ya ƙi rufewa, jini yana yi wa huhunta yawa, shi ya sa numfashinta yake sama-sama kuma ba ta ƙara nauyi. An ba ta magani na kwana uku, aka sake eko aka ce ya rufe, yanzu tana aji biyu na firamare. Da na karanta cewa akwai jariran da rufewar wannan jijiya ce ajalinsu, sai na ga ashe abin da na yi ta roƙon Allah ya rufe, wata uwar roƙo take ya bar mata shi a buɗe. Likita, da maganin bai yi aiki ba, shin ita ma ta bututu za a rufe mata?

Ɗalibin_Likita: Na karɓi gyaran Yaya Likita. Mama, maganin da aka saba bayarwa shi ne ibuprofen ko indomethacin, wani lokaci paracetamol, amma da awo na musamman a asibiti, kada wani ya karanta ya gwada a gida. Idan ya ƙi, a da sai a tsaga gefen ƙirji a ɗaure jijiyar. Toshe ta da bututu Porstmann ne ya fara a Berlin a 1967, sai dai kayan sun yi wa bakwaini girma tsawon shekaru, har zuwa 2019 da hukumar magunguna ta Amurka ta amince da wani ɗan marufi mai suna Amplatzer Piccolo, wanda ake sa wa jariri ko da nauyinsa giram 700 ne.

Ungozoma_Matamaye: Ina bin wannan muhawara tun safe, kuma ina so in ja ta baya kaɗan zuwa inda mu muke tsaye. Wannan yaro na Birni ya yi sa'a babba, domin an saurari ƙirjinsa kuma an yi masa eko yana da kwana 10. A ƙauyukanmu mace takan haihu ta koma gida cikin ƴan awoyi, jaririn kuma a naɗe yake cikin zane a ɗakin jego mai duhu, fatarmu kuma ba ta nuna shuɗin da littattafan Turawa suke faɗa, sai an buɗe baki an dubi harshe da dasashi a cikin haske. Idan ya kasa shan nono, abin da za a fara cewa shi ne belu ne, a kira wanzami. Na sha karɓar jarirai da aka cire wa belu, jini ya zuba, numfashi ya ƙara lalacewa, alhali ciwon yana can cikin ƙirji.

Akwai ƴar na'urar auna iskar jini da ake maƙala wa jariri, wadda ba ta da tsada idan aka kwatanta da ɗakin bututu. Ƙa'idarta ita ce bayan awa 24 da haihuwa a auna hannun dama da ƙafa ɗaya. Idan ya kai 95 a duka biyun awon ya yi kyau, idan ya gaza 90 a tura shi nan take, idan kuma ya tsaya tsakanin 90 da 94, ko tazarar hannu da ƙafa ta wuce 3, a sake awo. Ba kowane ƙarancin iska ne ciwon zuciya ba, yakan zama ciwon huhu ko ƙwayoyin cuta a jini, amma duka ukun ba na zaman gida ba ne. Ina kuma taɓa bugun jijiya a gindin cinyar kowane jariri, domin idan ya yi rauni yakan nuna babbar jijiyar jiki ta matse.

Jikan_Sarkin_Aska: Malama ungozoma, ina girmama aikinki, amma kada a ɗora wa wanzamai laifin da ba nasu kaɗai ba. Mahaifina ba ya zuwa gidan kowa sai an aiko, kuma mutane suna aikowa ne domin shi ne yake kusa, shi ne suka sani, shi ne ba zai rubuta musu takardar magani mai tsawo ba. Na sha ganin ya dubi jariri ya mayar da askarsa cikin zabira ya ce a kai shi asibiti. Da za a koya wa wanzamai alamomin nan da kika lissafa, da sun zama masu turo muku yara.

Ungozoma_Matamaye: Ɗan'uwana, Allah ya saka wa Baba da alheri, kuma shawararka ta ƙarshe na karɓe ta hannu biyu. Abin da ba zan janye ba shi ne, jaririn da yake gumi wajen shan nono yana haki bai kamata aska ta taɓa maƙogwaronsa ba, ko wane ne ya aika a kira ta.

Malamin_Lise: Ni tambayata ta bambanta. Muna ta ambaton Filadelfiya da Berlin da giram 700, amma mu a Damagaram muke. Wannan aiki yana buƙatar ɗaki na musamman mai na'urar hasko jijiyoyi, da likitan zuciyar yara da ya ƙware a kansa, da mai sa barci da ya saba da jariri mai kilo uku, da ɗakin kulawa ta gaggawa bayan an gama, da lantarkin da ba ya yankewa, da kayan da ake yar da su bayan amfani ɗaya. Daga nan zuwa Yamai kusan kilomita 900 ne, Kano ta fi kusa amma akwai iyaka a tsakani, kuma tsarin kula da yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta da aka kafa a 2006 bai shafi aikin da za a je a yi a wata ƙasa ba. Shin ba mu ƙara wa iyaye baƙin ciki ba idan muka nuna musu maganin da hannunsu ba zai kai ba?

Uban_Marigayi: Malam, ni ne irin uban da kake magana a kai, saboda haka bari in amsa. Shekaru shida da suka wuce aka haifa mini ɗa a wajen Magariya, ya fito da nauyinsa, kyakkyawa, amma tun ranar farko leɓɓansa ba su yi kalar na ƴan'uwansa ba. Inda muka fara kai shi an ce sanyi ne ya kama shi, aka ba mu maganin ruwa. Da abin ya ƙi, aka sa masa iska, amma awon bai ɗaga ba ko kaɗan, kuma daga baya na ji cewa wannan kansa alama ce ta zuciya. Sai a kwana na 16 aka yi eko, aka ce manyan jijiyoyinsa sun yi musaya, irin wanda Likita ya bayyana a sama. Muka shiga neman takardun fita da shi, na sa gonata a kasuwa, kwana biyar bayan haka ya rasu a hannun mahaifiyarsa da asuba.

Na yarda da ƙaddara, kuma ban ce da an gano da wuri lallai zai rayu ba. Amma kwana 16 ɗin nan da muka yi muna maganin sanyi su ne suke ci mini rai har yau, ba rashin kuɗin ba. Da na san abin da aka rubuta a wannan zaure, da tun ranar farko na nemi a yi eko, ko da daga ƙarshe hannuna ya kasa. Saboda haka, Malam, a bar mutane su sani. Kawun yaro, ka gaya wa Inna cewa wani uba da ya binne nasa yana roƙonta kada a jira arba'in.

Hajiya_Zango: Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya sa mai ceto ne, ya ba ku ladan haƙuri.

Anfirme_Sashen_Jarirai: Allah ya jiƙansa. Ina so in ƙara abu ɗaya a kan maganar nisa da Malamin Lise ya kawo, domin tsakanin gano ciwo da isa ɗakin bututu akwai gadar da ba a ambata ba. Akwai maganin da ake kira prostaglandin, wanda yake riƙe kanal a buɗe, har ma yakan sake buɗe wanda ya fara rufewa. A firij ake ajiye shi, kuma ba allura ɗaya ake yi a huta ba, sai an ɗaura shi a jijiya yana shiga dare da rana ta na'urar turawa, domin da an tsayar aikinsa yake gushewa. Illarsa da muka fi tsoro ita ce yakan sa jariri ya ɗauke numfashi, saboda haka duk wanda zai raka shi a ambilans dole ya iya taimakon numfashi. Jariri irin wannan ba a ɗaukarsa a motar haya a cinyar uwa, kuma sanyi da ƙarancin sukari a jini suna iya kashe shi a hanya tun kafin zuciyar ta gaza.

Kawun_Jariri: Na gode ƙwarai, na karanta wa Inna saƙon Uban Marigayi, ta yi shiru ta share hawaye. Likita, saura abu biyu. Mijin ƙanwata yana tambaya mene ne haɗarin aikin, domin duk wanda ya yi bayani alherinsa kawai yake faɗa. Na biyu kuma, wasu daga dangin mijin sun fara cewa wai aikin wahala da ƙanwata ta yi da tsohon ciki ne ya jawo, wasu kuma sun ce don auren zumunci ne, ita kuwa ta daina cin abinci saboda wannan magana.

Likitan_Yara: Surukinka ya yi tambayar da ta dace. Zuciyar jariri ba ta wuce dunƙulen hannunsa ba, bangonta kuma siriri ne, saboda haka waya tana iya huda shi jini ya taru a jakar zuciya, bugun zuciya yana iya rikicewa lokacin da bututu yake ciki, jijiyar da aka shiga ta ita tana iya toshewa da gudan jini, kuma ɗan jinin da babba ba zai ji ya rasa ba, ga jariri asara ce. Akwai haɗarin maganin barci, akwai hasken radiyo da ake ƙoƙarin taƙaitawa. Rasa rai ma yana yiwuwa, ya fi yawa ga jaririn da ya iso a galabaice fiye da wanda aka kawo da ƙarfinsa. Bayan aiki kuma ƙyauren yakan riƙa yoyo yana mayar da jini baya, wanda yawanci yaro yakan jure shi shekaru masu yawa, wasu kuma ƙyauren yakan sake matsewa a maimaita. Idan ganyayen masu kauri ne ƙwarai, kamar yadda ake gani a yara masu wani ciwon halitta da ake kira Noonan, balan-balan ba ta cika yin aiki ba. Kada kuma ku firgita idan duhun bai washe nan take ba, domin tsokar da ta yi kauri takan ɗauki makonni kafin ta saki. Yaro zai riƙa komawa eko har girmansa.

Game da ƙanwarka, ka gaya mata daga bakina cewa ginin zuciya yana kammala ne cikin makonni takwas na farkon ciki, lokacin da mata da yawa ba su ma tabbatar suna da ciki ba, saboda haka daka ko ɗaukar ruwa da tsohon ciki ba ya matse ƙyauren zuciya. Abubuwan da aka tabbatar suna ƙara haɗari sun haɗa da ciwon sukari da ba a daidaita ba kafin ɗaukar ciki, da cutar rubewol, mai kama da ƙyanda, a farkon ciki, da wasu magungunan farfaɗiya, da ciwon Down wanda kusan rabin masu shi suke zuwa da matsalar zuciya. Auren zumunci yana ɗan ƙara yiwuwar, wannan gaskiya ne, amma a mafi yawan yara ba a samun dalili ɗaya da za a nuna da yatsa, kuma idan ma gado ne, yana iya zuwa daga ɓangaren uwa ko na uba ko duka biyu. Ta ci abinci, yaron yana buƙatar nononta.

Malamin_Allo: Ina ƙara wa dangi tunatarwa cewa ya inganta daga Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, cewa Allah bai saukar da cuta ba face ya saukar da maganinta. Neman magani ba ya warware tawakkali, kuma ɗora wa mai jego laifin abin da Allah ya halitta a cikin mahaifa zalunci ne da ya kamata manyan gidan su tsawatar. A yi addu'a, a yi sadaka, a kuma bi maganar likita, babu ɗaya da ya hana ɗaya.

Tsohon_Ma'aikacin_Agaji: Tun da an zo maganar hannu ya kai ko bai kai ba, akwai ƙungiyoyin da aikinsu ke nan. Mécénat Chirurgie Cardiaque, wadda Farfesa Francine Leca ta kafa a 1996, tana kai yara Faransa a yi musu aiki, kuma yaron yakan tafi ba tare da iyayensa ba, wani gida ne yake riƙe shi har ya warke, abin da iyayenmu mata suke jin nauyinsa ƙwarai. La Chaîne de l'Espoir ta Farfesa Alain Deloche ta fi karkata ga kafa cibiyoyi a nahiyarmu, kamar cibiyar zuciyar yara ta Cuomo da ke asibitin Fann a Dakar. Likita ne yake cika takardun ya haɗa da sakamakon eko, ba iyaye ba. Sai dai a fahimta, hanyar da take buƙatar nazarin takardu da fasfo da jirgi ta fi dacewa da yaron da zai iya jira, kamar mai ƙaramin rami a zuciya, fiye da jaririn da ake ƙirga wa kwanaki.

Malamin_Lise: Uban Marigayi, ka yafe mini idan maganata ta fama maka ciwo, kuma na yarda sani ya fi rashinsa. Amma bayanin da aka yi yanzu ya ƙara tabbatar da abin da nake faɗa, cewa jariri ɗan kwana 10 shi ne wanda duk hanyoyin nan suka fi yi wa nisa. Ni har yanzu ina ganin kuɗin da za a kai yaro ɗaya waje zai sayi na'urorin awon da Ungozoma ta ambata masu yawa.

Ungozoma_Matamaye: Malam, ni da na kawo maganar na'urar ba zan raba su ba. Idan na auna na ga 82 kuma babu inda zan tura, me zan gaya wa uwar?

Kawun_Jariri: Mun koma wajen likita da safe kamar yadda aka ba mu shawara. Ya auna iskar jinin yaron ya ga ta yi ƙasa, ya ce ba zai bari mu koma da shi gida ba, an kwantar da su shi da mahaifiyarsa, kuma ya aika hotunan ekon ga wani likitan zuciyar yara don su yanke inda za a tura shi. Inna da kanta ta ɗauko kayan wankan jego ta biyo su, mijin ƙanwata kuma ya tafi neman takardar haihuwa. Malam Anfirme, idan tafiyar ta tabbata, shin ana barin uwa ta ba shi nono a hanya, kuma me ya kamata mu tanada?

Anfirme_Sashen_Jarirai: Wannan ya danganta da numfashinsa a ranar. Idan yana haki sosai ba a so ya tsotsa, domin yana iya shaƙewa, sai a sa masa ƙarin ruwa mai sukari ko a ba shi tatsattsen nono ta siririn bututun hanci, saboda haka ƙanwarka ta fara koyon tatsa tun yau don kada nonon ya janye. Ku riƙe takardar turawa da sakamakon ekon da katin awon ciki a jaka ɗaya, ku ɗauki hotonsu a waya, ku tanadi hula da safa da zannuwa masu kauri ko da ana zafi, kuma kafin motar ta tashi ku tambayi mai rakiya ko tukunyar iskar da aka ɗauka za ta kai har inda za ku.